Daga Ƙofar Dumi Zuwa Bayan Gari: Yadda Ake Tsara Faɗaɗar Birnin Bauchi

Tsara birni shi ne a yanke shawara tun da wuri a kan abin da za a yi da kowane yanki na ƙasa: ina gidaje za su zauna, ta ina hanya za ta bi, ina ruwan sama zai gangara, wane fili za a bar wa makaranta da kasuwa da asibiti da maƙabarta, wanne kuma ba za a taɓa ba ko da an matsu. Aiki ne da ake yi domin mutanen da ba su iso ba tukuna, wasunsu ma ba a haife su ba. Shi ya sa yake da wuyar samun mai tsaya masa. Wanda zai ci moriyar hanyar da aka ware yau ba ya nan balle ya yi magana, shi kuwa wanda za a ce ya bar wani ɓangare na gonarsa yana tsaye a wurin, kuma yana da baki.

A Bauchi wannan aiki ba baƙon abu ba ne. Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin wajen shekarar 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Ƙofofinta da aka fi sani tara ne: Wunti, Ran, Nasarawa, Jahun, Dumi, Wambai, Inkil, Tirwun da Wase. Galibinsu sun ɗauki sunan garin ko wurin da hanyarsu ta nufa. Ganuwa kariya ce daga mahara, amma ba nan amfaninta ya tsaya ba. Ita ce ke faɗa wa kowa inda gari ya ƙare, ta ƙofofinta ake sanin mai shiga da mai fita, kuma kamar yadda aka saba a manyan biranen wancan zamani, akan zagaye fili fiye da wanda ake zaune a kai, domin a samu wurin noma in an yi wa gari ƙawanya, a kuma samu inda 'ya'ya da baƙi za su gina nasu. Fili kuwa a hannun sarki yake. Baƙo ya zo, mai unguwa ya kai maganarsa gaba, a nuna masa inda zai kafa. Akwai hurumi da ba a ba kowa, na kiwo da na mashaya da na maƙabarta. Alƙalai kuma suna da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya da suke raba gardama da su: ba a buɗe taga ta leƙa cikin gidan maƙwabci, ba a sako masa ruwan indararo, in kuma an yi jayayya a kan faɗin hanya, akwai hadisin da ya ƙayyade kamu bakwai. Kamu bakwai ya ishi jaki da kayansa ya gifta raƙumi. Motar kashe gobara ba ta cikin lissafin.

Yau in an ce Ƙofar Dumi, unguwa ake nufi, cike da gidaje da shaguna da makarantu. Wurin da a da yake bakin gari ya koma tsakiyarsa, kuma abin da ya faru da shi shi ne zai faru da duk gonar da ake gani yanzu a gefen Bauchi. Wanda ya shiga lungunan tsofaffin unguwannin cikin gari zai ga yadda cunkoso ke taruwa ba tare da kowa ya yi niyya ba. Gidan kaka guda ɗaya mai zaure da faffaɗan tsakar gida, an raba shi gado, kowane magaji ya ja katanga ya fasa tasa ƙofar. Zauren ya zama shagon cajin waya ko na ɗinki. Wani ya ƙaro dakali, wani ya fito da matattakala, maƙwabcinsa ya ga ba a ce komai ba shi ma ya turo bangon banɗakinsa taku biyu. Kwata na bin tsakiyar lungu. In Keke Napep biyu suka yi kiciɓis, sai ɗaya ya ja da baya har bakin titi. In kuma aka yi rasuwa, a kafaɗa za a fito da makara zuwa inda mota ta iya tsayawa. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya yi wani gagarumin laifi, taku bibbiyu ne suka haɗu suka cinye hanya.

Yadda garin ya tsallake ganuwa

Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902, suka kafa mazauninsu a wajen ganuwa. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta raba wurin zaman Turawa da na 'yan ƙasa, har da tazarar fili da ba a gini a tsakani. Daga nan aka gaji unguwar da ake kira Ji'ar'e, mai manyan filaye da itatuwa da tituna miƙaƙƙu, aka kuma gaji wata ɗabi'a da har yau ba ta mutu ba: a tsara wa manya, a bar talaka ya tsara wa kansa. Layin dogon da aka ja daga Kuru zuwa Maiduguri ya iso Bauchi a 1961, ya jawo tasha da ma'aikata da 'yan kasuwa.

Babban sauyi ya zo a watan Fabrairun 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta raba Jihar Arewa Maso Gabas, Bauchi ta zama hedikwatar sabuwar jiha. Dare ɗaya aka buƙaci sakatariya, gidajen ma'aikata, asibitoci da ofisoshin tarayya. A cikin shekarun 1970 ɗin ne kamfanin Max Lock, wanda ya yi wa Kaduna tsarinta na 1967, ya yi wa Bauchi nazari da taswirar faɗaɗa. A ƙarshen waɗannan shekaru kuma Bauchi na cikin jihohin farko da Bankin Duniya ya gwada shirin raya birane a Najeriya, inda aka yi aiki a yankin Makama bisa dabarar a fitar da fulotai, a kai musu hanya da ruwa, sannan a bar mai fili ya gina gwargwadon ƙarfinsa. Dabarar mai kyau ce. Abin da ya rage mata shi ne ba a ci gaba da maimaita ta da saurin da garin ke girma ba.

Manyan cibiyoyi su ne suka ja garin ta kowace fuska. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji da jami'ar da aka kafa a 1980, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun cika hanyar Dass da ɗakunan haya, daga Yalwa har Birshi da Bayara. Mazaunin jami'ar na Gubi da sabon filin jirgin sama na Durum sun buɗe hanyar Kano. Wuntin Dada da Miri sun miƙe a hanyar Jos, Inkil a hanyar Gombe, Tirwun a hanyar Maiduguri. Wasu ƙauyukan da ƙofofin ganuwa suka ɗauki sunansu, yau gari ya tarar da su. A kan haka aka ƙara da mutanen da rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 suka taso, da waɗanda tashin hankalin Boko Haram ya raba da Borno da Yobe. Da yawansu sun sayi fili sun zauna.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bauchi mutum kusan rabin miliyan, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a ƙasar ba. Lissafi dai a fili yake: al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkawa cikin kimanin shekara 24. Faɗin ƙasar da gari ke ci kuwa yakan fi yawan jama'a saurin ƙaruwa, domin ginin bayan gari na ƙasa ne, ba bene ba, kuma tsakanin gida da gida akwai kangwaye da filayen da masu su suka kewaye suna jiran farashi ya tashi.

Doka, manomi da igiya

A takarda, ƙasa ba ta da rikici. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta danƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna. A yankin da aka ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izinin mallaka, galibi na shekara 99, da takardar shaida da jama'a ke kira si-of-o. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izini irin na gargajiya. A Arewa wannan bai zo da mamaki ba, domin dokokin 1910 da 1962 sun riga sun sa ƙasa ƙarƙashin hukuma. A 1992 aka yi dokar tsara birane da yankuna ta tarayya, sannan a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Ke nan alhakin Bauchi yana Bauchi: a ma'aikatar ƙasa da safiyo, da Hukumar Raya Birane ta jiha mai ba da izinin gini, da hukumar BAGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta.

Sai dai dokar 1978 tana da wani saƙo da manomin gefen gari ya fi lauya fahimta. In gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da itatuwa, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Manomin da ya hango gari na matsowa yana da zaɓi biyu: ya jira a zo a ƙirga masa mangwaro da dawa a biya shi abin da ya samu, ko ya riga hukuma ya yanka gonar ya sayar da kansa. Ba a buƙatar dogon tunani. Daga nan ake samun abin da ake kira awon igiya.

Yadda ake yinsa sananne ne. Dillali ya zo da igiya ko tef, da yara masu riƙe turaku. A auna ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, a kafa bulo ko ƙarfe a kusurwa huɗu, a matsa gaba. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Mai saye ya biya, wani lokaci kashi-kashi, ya zuba yashi da bulo ɗari biyu don a san da mai shi. Cikin mako guda gona ta zama unguwa, ba tare da wani ofishi ya sani ba.

Dalilin da ya sa hanya ke ƙanƙancewa a irin wannan awo lissafi ne kawai. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 450. Hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, za ta ba da fuloti 22 in ba a bar komai ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ba da shawarar a bar aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar gari ga tituna. In aka bi wannan, fuloti 15 za a samu. Bambancin fuloti bakwai ne a kowace hekta, kuma daga aljihun mai gona da dillali za su fita. To wa zai yarda don Allah kawai? Ƙari a kan haka, kowace gona da nata awon. Layin da aka fitar a gonar wane ba lallai ya haɗu da na gonar maƙwabcinsa ba, sai a ga hanya ta tafi tiryan-tiryan ta ƙare a bangon wani. Filin makaranta da na asibiti ba a maganarsu. Masallaci kaɗai ke samun wuri, shi ma don wani ya ba da nasa sadaka.

Bai kamata a ɗora wa awon igiya laifin duka ba. Shi ne ya ba direba da malamin firamare da mai shayi wurin da za su ce nasu ne, a lokacin da awon gwamnati bai isa ba, kuma ɗan wanda ake fitarwa yakan ƙare a hannun masu hanya, su ajiye su sayar. Muddin neman fili ta ofis zai ɗauki watanni da kuɗin da ba a san iyakarsa ba, alhali dillali na gamawa a yini ɗaya, jama'a wurin dillali za su je. Hana awon igiya da sanarwa a rediyo bai taɓa yin aiki ba a ko'ina.

Abin da ya kamata a riga gini

Taswirar tsarin birni takan zo da launuka: nan gidaje, nan masana'antu, nan kasuwanci. Wannan yana da amfaninsa, musamman wajen nisanta gidan mai da injin niƙa da mayanka daga ɗakunan kwana. Amma a garin da yawancin mutane ke sana'a a ƙofar gida, raba wurin zama da wurin nema da tsauri bai dace ba, kuma ba za a bi ba. Abubuwan da suka fi launi muhimmanci su ne waɗanda in an rasa su ba sa dawowa sai da rusau.

Na farko manyan hanyoyi. Bauchi ta girma ne a kan titunan da suka fita daga tsakiyarta, sai ya zama mai zuwa wata unguwar bayan gari daga wata yakan bi ta cikin gari ko da ba shi da abin yi a can. Gadojin sama da faɗaɗa tituna a wurare irin su Wunti suna rage cunkoso a inda ya riga ya taru, amma da tsada, da diyya, da rushe shaguna. Hanyar da aka shata a gona tun ba a yi gini ba kusan kyauta ce in aka kwatanta. Ba sai an zuba mata kwalta yau ba. A auna ta, a biya mai gona, a kafa alamu, a hana kowa hawa. Wasu biranen Habasha, irin su Hawasa da Adama da Bahir Dar, sun gwada haka daga 2013: suka ƙiyasta inda gari zai kai nan da shekara 30, suka shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30 da tazarar kimanin kilomita ɗaya a tsakaninsu, suka bar cikin ga masu gini. A Jihar Gujarat ta Indiya kuma akwai dabarar haɗa gonaki: masu gonakin da ke maƙwabtaka su miƙa su a auna gaba ɗaya, a cire na hanya da na makaranta, a mayar wa kowa ragowar rabonsa. Filin da ya dawo masa ya ragu a faɗi, amma ya fi na da daraja tunda yanzu yana bakin hanya. Irin wannan ya fi kusa da halin Bauchi, domin yana mai da mai gona abokin tarayya, kuma dagatai da masu unguwanni, waɗanda suka san iyakar kowace gona, su ne za su iya zaunar da mutane a yi shi.

Na biyu hanyar ruwa. Bauchi na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma duwatsun da suka kewaye garin ba sa shan ruwa, gangaro shi suke yi. Fadama da bakin rafi su ne ma'ajiyarsa. Unguwanni irin su Fadamar Mada da Rafin Zurfi sunansu ya faɗi abin da wurin yake kafin gini. Da rani fili a fadama ya fi araha, ƙasa a bushe, dillali na rantsuwa ruwa bai taɓa kwanciya a nan ba. In an cike wurin da gini, ruwan ba fasa zuwa zai yi ba, gidan na ƙasa zai shiga. Ga kuma leda da shara da ke toshe 'yan magudanan da ake da su. Tsarin da ya san abin da yake yi yakan ja layi a gefen kowane rafi ya hana gini, ya bar wurin ga masu lambu, waɗanda dama su ke kai ganye da tumatir kasuwannin gari irin su Muda Lawal.

Ruwan sha ma yana da alaƙa da awo. Madatsar Gubi ce babbar hanyar ruwan famfo a birnin, kuma Bauchi na cikin jihohin da Bankin Duniya ya tallafa wa wajen gyaran ruwan birane. Amma bututu hanya yake bi. Unguwar da ba ta da miƙaƙƙen layi, kai mata bututu da turakun lantarki wahala ne, sai kowa ya haƙa rijiyarsa ko burtsatse, ko ya dogara da 'yan ga-ruwa. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Fulotin da faɗinsa mita 15 ne, ko mai gidan ya kiyaye, bai san inda maƙwabcinsa ya haƙa nasa ramin ba.

Na uku filayen jama'a: makaranta, asibitin sha-ka-tafi, kasuwa, tashar mota, filin ƙwallo, wurin zuba shara, maƙabarta, da burtalin da shanu ke bi. Waɗannan su ake fara cinyewa, kuma ba kullum talaka ke cinye su ba. Sau da yawa a cikin awon gwamnati ne ake wayar gari a ga filin da taswira ta ce na makaranta ne an yanka shi fulotai. Maganin wannan bai wuce a fito da taswirar fili ba, a manna ta a ofishin hakimi, a sa ta a intanet, yadda duk ɗan unguwa zai san wane fili ne nasu, ya kuma yi ƙara in ya ga an sauke bulo a kai.

Tsofaffin unguwanni irin su Ƙofar Dumi nasu maganin daban ne. Ba a gyara su da katafila. Abin da suke buƙata shi ne a bi lungu-lungu tare da mazauna, a gina magudana, a shimfiɗa daɓe, a zaɓi 'yan layuka kaɗan da za a buɗe don motar asibiti da ta kashe gobara, a biya waɗanda abin ya shafa diyyar da za ta ishe su sake matsuguni kafin a taɓa bangonsu. A kuma sauƙaƙa wa gidajen gado samun takarda, domin gidan da magada goma ke jayayya a kansa ba mai zuba kuɗi ya gyara shi. Abin da ya saura na ganuwa da ƙofofi shi ma yana buƙatar a shata masa iyaka, tunda ƙasar ganuwa ta daɗe tana tafiya a kwanon magina.

Duk wannan kuɗi yake ci, kuma nan ne rajistar filaye ke da amfani: hukumar da ta san fulotan da ke garin da masu su za ta iya karɓar harajin ƙasa daidai wa daida ta yi aiki da shi. Jama'a kuwa ba sa ƙin biya in sun ga kwalbati a unguwarsu. Abin da ke kashe tsari shi ne jan fenti da ake shafa wa bangon mai ƙaramin ƙarfi a tsallake na babba, da kuma sauya taswira duk lokacin da aka sauya gwamnati.

Kafin hukuma ta kai ga nata, mai niyyar sayen fili a gefen Bauchi yana da abin da zai yi wa kansa. Ya je ma'aikatar ƙasa ya tambaya ko awon yana da amincewarta, ko kuma wurin na cikin inda aka ware don wani aiki. Ya auna faɗin hanyar da ke gaban fulotin da ƙafarsa, ya bi ta ya ga inda ta fita. Ya tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ke bi. In da hali, kada ya biya sai ya ga filin a watan Agusta.